Zakaran Ɗorin Surajo

Idan ka sauka kwatar Yelwa da hantsi, inda jiragen kasuwa ke sauke shinkafa da bandar kifi, ka ce kana neman mai gyaran inji, za a nuna maka wata rumfar kwano a gindin mangwaro. Mutumin da ke ciki siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, hannuwansa baƙi wuluk da man inji. Surajo ke nan. Injinan jirgi na rataye a bayansa, jere kan katako, kamar ragunan da aka feɗe. Can ƙarshen jeren akwai wata doguwar jaka mai zif da ba ta yi kama da komai na wurin ba. Raket ne a ciki, na wasan tanis.

Masu jirage sun daɗe da daina yi masa dariya. Sun dai san in la'asar ta yi, ko injinka na kwance a buɗe a gabansa, wanke hannu zai yi ya saɓi jakar ya haura gari.

Filin yana bayan wasu tsofaffin gidajen ma'aikata, na tun zamanin da aka datse ruwa a Kainji. Siminti ne, ya tsattsage, an lilliƙe. Ragar tsakiya wani masunci ne ya saƙa musu da zaren taru. Masu wasan ba su da yawa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ɗaiɗaikun 'yan kasuwa. Amma duk shekara bayan yankan shinkafa sukan yi gasa, 'yan Ngaski da 'yan Shanga su zo, a buga don wani tsohon kofi mai lotsattsen gefe.

Ba da niyya Surajo ya shiga cikinsu ba. Yana saurayi aka kira shi gyaran injin ban ruwa a ɗaya daga cikin gidajen, ya tsaya kallo ta jikin waya har ya manta abin da ya kawo shi. Wani malamin firamare, Bakambaren Ngaski mai suna Andarawus, ya miƙo masa raket ya ce, "Ko ka shigo ko ka tafi, idonka na sa ni ɓarar da ƙwallo." Tun ranar suke tare, suna zagin juna ta saman raga, har Andarawus ya yi ritaya, har 'ya'yansu suka girma. Shi yana ce masa Makaniki, Surajo na ce masa Ticha. Kofin kuwa Surajo bai taɓa ɗauka ba. Yana da hannu, kowa ya yarda, amma ƙafarsa ba ta da sauri.

Ranar da abin ya faru, Ticha ne ya ɗan ɗosa ƙwallo ta faɗo dab da raga. Surajo ya zabura. Ƙafarsa ta dama ta shige wata tsaga da saiwar dogon yaro ta ɗaga, jiki ya tafi, ƙafa ta ƙi bi. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar kamar an karya rake.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin ƙwauri ne, sai an kai shi Sakkwato an sa ƙarfe. Inna, mahaifiyarsa, ta ce ba za a sa wa ɗanta ƙarfe kamar jirgi ba. Ita 'yar Gungawa ce, a tsakiyar ruwa aka haife ta, kuma ta san wani maɗori a gungunsu, wato tsibirin da ta fito, Baba Gambo, wanda tun kakanninsa ɗori suke yi. Washegari aka shimfiɗa Surajo a cikin jirgin Bashir, ƙanen matarsa. Murjanatu, matar, ta riƙe masa kai a cinya har suka tsallaka.

Baba Gambo tsoho ne gajere, ido ɗaya ya yi fari. Ya sa aka kwantar da Surajo kan tabarma a inuwar tsamiya, ya duƙa yana kallon ƙafar bai taɓa ta ba.

"Mi kay yi da ita?"

"Ƙwallo, Baba."

"Ƙwallo." Tsohon ya dubi gemun Surajo, ya dubi Murjanatu. "Ɗiyata, wanga mijinki na ko ɗanki?"

Bai jira amsa ba. Ya shiga bayan ɗaki ya fito da wani ɗan zakara wake-wake, wanda ko cara bai fara ba. Ya goga shi a jikin ƙafar daga gwiwa zuwa tafi, yana magana ƙasa-ƙasa da yaren da Surajo ya daina ji tun yana ƙarami. Sai ya kama ƙafar zakaran ta dama da yatsu, ƙas, ya karya.

Surajo ya kurma ihu. Daga baya ya rantse wa Ticha cewa ba tausayi ba ne. Karayar ce ya sake ji, sabuwa fil, daidai wurin da ta farko take.

Tsohon ya ja ƙafar mutum ya daidaita, ya ja ta tsuntsu ya daidaita. Ya fasa karan dawa ya jera wa kowacce. Ya yage tsumma ɗaya gida biyu, babban ya naɗe Surajo, ƙaramin ya naɗe zakara. Daga ranar bai ƙara taɓa Surajo ba. Kullum da safe sai ya zauna nesa da tabarmar, ya ɗora zakaran a cinya, ya ɗumama man kaɗe yana shafa masa. Surajo na kwance sai ya ji ɗumi na bin ƙwaurinsa, ya ji babban yatsa na danna inda ke ciwo, alhali ba kowa kusa da shi. Da farko yakan ɗaga kai ya duba. Daga baya ya daina dubawa.

Ranar da zakaran ya fara dogara ƙafa, ranar Surajo ya miƙe da sanda. Baba Gambo ya sa tsuntsun cikin kwando ya miƙa wa Murjanatu, amma Surajo yake kallo.

"Ka tahi da shi gida, shi na ma'auninka. In yay yi tona da ƙafar, kai ma ka yar da sanda. In yah hau katanga, ka yi gudu. Rannan ka komo da shi nan. Za ka taka ƙafafunai da ƙafar da munka ɗora, ni in sa wuƙa, mu raba ku. Kowa shi tahi da tashi."

"To, Baba."

"Ba 'to' ba. Ka ji ni. Kar ka bari shi mutu da kainai. In yam mutu mushe kuna haɗe, da ƙafar za shi tahi."

Damina ta shigo ta same su a gida. Murjanatu na suyar kifi a ƙofar gida, ita ta riƙe su da abinci, kuma ita ke jefa wa zakaran tsaki da kan kifi. Ya yi tona, Surajo ya yar da sanda. Ya yi ƙaton zanko, wuyansa ya yi sheƙi, ya kori duk zakarun unguwa. Wata safiya ya buɗe fiffike ya haye katanga ya yi cara. Murjanatu ta ɗauko kwandon ta kakkaɓe.

"Baban Nusaiba, in gaya wa Bashir ya kawo jirgi gobe?"

"Bari in gwada ta tukuna," in ji Surajo. "In gani ko ta ɗoru."

Da la'asar ya ɗauki jakarsa. Da ya shiga filin ya tarar an riga an sare saiwar an cike tsagar. Ticha na tsaye a ɗaya gefen yana buga ƙwallo a ƙasa.

"A'a! Ga gurgu ya dawo. Makaniki, in kawo maka kujera ko daga tsaye za ka sha kashi?"

"Buga, tsoho. Ka karya ni kana kuma da bakin magana."

Ticha ya buga masa a hankali, daidai hannu, sau da yawa. Sai halin ya motsa, ya ɗosa irin waccan ƙwallon dab da raga. Surajo ya ce shi a ransa ya riga ya bar ta. Bai yanke shawarar gudu ba. Ƙafar ce ta tafi, ta fizge shi, ya tsinci kansa a bakin raga tun ƙwallon ba ta gama tashi ba, har ya tsaya jiranta.

Ticha ya sauke raket. "Kai. Wane irin mai suka zuba maka a gungun nan?"

Ranar Surajo ya cinye shi turmi biyu ba ko ɗaya. Da ya koma gida Murjanatu ta tambaye shi maganar jirgi, ya ce iska ta yi yawa a ruwa, a bari ta kwanta.

Iska ta kwanta, sai aiki ya yi yawa a kwata. Aiki ya ragu, sai ya ce Bashir na fama da injinsa. Kwandon na nan rataye a jikin rumbu. Shi kuwa Surajo, mutumin da shekara da shekaru ake kai masa ƙwallo kusurwa don an san ba zai iso ba, ya zama ba inda za ka ajiye ta bai riga ta zuwa ba. Samarin filin suka fara tsoron haɗuwa da shi. Ya fara sayo wa zakaran gero mai kyau, ya hana yara jifansa, ya gina masa akurki da bulo.

Sauran abubuwan a hankali suka zo. Kafin zakaran ya yi carar asuba, ƙafar kan harba sau ɗaya ta tashe shi. A kwata, in buhun shinkafa ya fashe ta zube, sai ya ga ƙafarsa na tona ƙasa tana watsawa baya, yana tsakiyar magana da mai jirgi. In ruwan sama ya tsuge, yakan sami kansa a bakin rumfa tsaye da ƙafar hagu kaɗai, ta dama ta naɗe sama. Wata rana ana tsakar wasa inuwar shirwa ta gilma kan siminti, ƙafar ta durƙushe da shi nan take, ya faɗi kan gwiwa. Ya ce santsi ne. Filin a bushe yake ƙayau. Kuma in rana ta yi ja za ta faɗi, ƙafar takan yi nauyi, ta riƙa jan shi gida, ko wasa bai ƙare ba.

Murjanatu ta lura da duk wannan, ta ƙudura sai ta gwada. Wata safiya bayan ya fita, ta kama zakaran ta ɗaure ƙafarsa da igiya a jikin turmi.

Ranar Surajo ya yini a rumfa. In ya tashi zai je bakin ruwa duba inji, sai ya yi 'yan taku ya ji an riƙe shi ta idon sawu. Ya juya ya nufi masallaci, haka. Ya zagaya bencinsa kamar akuyar da aka turke, har masu jirage suka fara tambaya ko lafiya. Azahar a rumfa ya yi ta. Sai can da yamma ya ji an sake shi. Ya shigo gida ya same ta zaune, igiyar na kan cinyarta.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Kin san abin da kika ja mini yau a gaban mutane?"

"Na sani. Da kare ne ya kama shi fa? Da mota ce ta take shi? Baban Nusaiba, ƙafarka na yawo a bola tana cin tsutsa, kai kana murna wai ka iya gudu."

Ya zauna a bakin rijiya. Zakaran ya zo ya tsaya gabansa, ya karkata kai yana kallonsa da ido ɗaya. Dukansu biyu ƙafar dama suka ɗan ɗaga.

"Gasa ta kusa," in ji shi a ƙarshe. "Murja, tun ina saurayi nake ganin kofin nan a hannun wasu. Bari a gama. Ranar da aka gama, da kaina zan ɗauki kwandon."

Aka yanke shinkafa, baƙi suka zo. Surajo ya bi ta kan 'yan Ngaski, ya fitar da Ticha da kansa, ya kai wasan ƙarshe. Wanda zai kara da shi Bilyaminu ne, wani malamin gona daga Shanga, dogo, sa'an ɗansa na fari. Aka sa wasan ranar Asabar bayan la'asar.

A makon ne ciwon kaji ya shigo unguwa. Ya fara daga gidan liman, ya bi layi. Kullum da safe sai ka ga an fito da matattun kaji ana jefawa rami. Surajo ya kulle zakaransa a akurki ya rufe da buhu. Ranar Asabar bai ji harbin asuba ba. Kiran salla ne ya tashe shi. Da gari ya waye ya ɗaga buhun, ya tarar da zakaran a takure, fiffike a ƙasa, zankon ya yi baƙi, idon na lumshewa.

Murjanatu na bayansa, mayafi a kafaɗa. "Bashir na kwata. In mun tashi yanzu, mu isa tun da hantsi."

Surajo ya taka ƙafar, ya yi tsalle a kanta. Ta ɗan yi sanyi, amma tana amsawa.

"Zai kai yamma."

"Wa ya ce maka? Na gidan liman da safe suka fara, azahar ba ta same su ba."

"In na je aka raba mu, da wace ƙafar zan shiga fili? Da tawa?"

Shi kansa sai da ya ji abin da ya faɗa. Ta dube shi. Ya ɗauki jaka ya fita tun kafin lokaci, don kar ya sake haɗa ido da ita. Bai san tana jin ƙarar ƙofa ta saukar da kwandon ba. Sai dai ba su tashi da wuri ba, don Bashir ya riga ya ɗauki lodin wata kasuwa, sai da ya je ya dawo.

Mutane sun cika gefen waya. Ticha ne alƙali, yana zaune kan kujerar roba da aka ɗora bisa tebur. Turmin farko Surajo ya ɗauka. Bilyaminu na bugu kamar zai fasa ƙwallon, amma duk inda ya kai ta sai ya tarar da tsohon nan a tsaye yana jira.

A farkon turmi na biyu ƙasa ta fara motsi.

Ba duka ba, ƙarƙashin ƙafar dama kaɗai. Ta ɗaga ta sauka, ta ɗaga ta sauka. Surajo mutumin ruwa ne, ya gane nan take. Tangaɗin jirgi ne in ya bar bakin gaɓa ya shiga tsakiya. Har kaɗawar inji yana ji a tafin ƙafa, kuma ya san injin, shi ya gyara shi. Na Bashir ne. Ya riƙa gudu a karkace, rabin jikinsa a tudu, rabi a ruwa. Wani feshi mai sanyi ya bugi ƙwaurinsa, ya duba, safarsa a bushe.

Da suka zo canjin gefe Ticha ya sunkuyo daga kujerarsa. "Makaniki, me ka sha? Kana tafiya kamar wanda ya sauko daga kwalekwale."

"Faɗi maki kawai, Ticha."

Bilyaminu ya ɗauki turmi na biyu. A na uku tangaɗin ya tsaya cak, kamar jirgi ya daki yashi. Sai wani abin da ya fi shi muni ya biyo. Ƙafar ta fara tafiya nesa. Yatsun suka ɓace masa, sannan tafin, sannan idon sawu. Yana ganin takalminsa na taka siminti, ba ya jin komai, kamar na wani ne. Sanyin na hawa, ya kusa gwiwa. Ya jefa ƙwallo sama zai yi sabis, wato bugun farko, ya bar ta ta faɗo bai buga ba. A ransa yana cewa ya mutu, zakaran ya mutu, ko yana kan mutuwa.

Sai ya ji an taka shi.

Tafin ƙafa ne, tsirara, mai ɗumi, ƙarami, ya sauka a kan tasa ya danne da nauyin mutum. Ya dubi ƙasa. Inuwarsa ce kawai. Mutane na kallonsa yana kallon takalminsa. Wani siririn abu ya gilma, ba zafi, kamar an ja zare a jikin fata. Sai ciwo ya dawo gaba ɗaya, tun daga yatsu har ƙugu, tsohon ciwon karaya da gajiyar duk gudun da ya yi tun damina. Ya zauna daɓas a tsakiyar fili yana dariya, hawaye na zuba.

Ya tashi ya ƙarasa wasan da ƙafarsa. Bilyaminu ya riƙa ajiye masa ƙwallo a kusurwa, ba ya isa. Kofi ya tafi Shanga.

Ana kiran isha'i Murjanatu ta shigo da kwando wayam, gefen zanenta a jiƙe. Ta ajiye, ta yi alwala, sai da ta idar ta ba shi labari.

"Mun isa yana numfashi sama-sama. Baba ya ce ina mai ƙafar. Na ce yana ƙwallo. Ya ce to ba ƙafa, ba yanka, ya mayar da wuƙarsa kube. Ina kallo idon zakaran ya fara juyewa. Na ce, Baba, ni matarsa ce, ga ƙafa. Ya ce shi bai taɓa yi ba, ubansa bai taɓa yi ba. Na ce to yau sai ka fara. Na cire takalmi na taka."

"Da wacce?"

"Da ta dama mana. Ka ci kofin?"

"A'a."

"To, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Akwai sauran tuwo."

Suka ɗauka an gama. Harbin asuba ya daina, shirwa ta yi ta gilmawa ba abin da ya dame shi. Ya koma fili da tsohuwar ƙafarsa mai nawa, Ticha ya koma cinsa yana godiya ga Allah da babbar murya.

Wata rana da hantsi yana kwance inji sai ya ji ƙwaurinsa na dama ya ɗauki zafi, irin na wanda ya tsaya kusa da murhu. Ya matsa daga rana, bai daina ba. Ya ɗauka tsohon ciwo ne. Ranar kasuwa kuma, bai je ko'ina ba, ya yini zaune, amma da yamma ƙafar ta gaji liƙis kamar ya zagaye gari. Sai ana gobe bikin wata 'yar ƙanwar Murjanatu. Yana zaune a rumfa ya ji wani sanyi mai danshi ya lulluɓe tafin ƙafarsa ya zagaye yatsu, aka kuma naɗe da wani abu aka ɗaure. Ya bar aikin ya nufi gida yana ɗingishi. Ya same ta a tsakar gida cikin mata, ƙafafunta a miƙe, an ƙunsa mata lalle.

Ya tsaya a bakin zaure. Ta ɗago ta gan shi, ta ga yadda ya ɗage ƙafar dama daga ƙasa. Ba ta yi mamaki ba. Sai da matan suka watse ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Tunda ka gane, ka riƙa sassauta igiyar takalmin nan naka. Kullum la'asar sai ta matse ni."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. In kana gudu ina nan ina suya, sai in riƙe bango."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ka daina? Na ga yadda kake in ba ka je ba."

Suka koma gungu su biyu. Baba Gambo ya saurare su a inuwar tsamiyar, ya sa suka miƙe ƙafafu a jere kan tabarma. Ya tsunkuli babban yatsan Murjanatu. Na Surajo ya motsa. Tsohon ya ja da baya ya goge hannu a riga.

"Na hwaɗa miki ban taɓa yi ba."

"To a raba mu, Baba," in ji Surajo.

"Da mi? Ni hanya guda na gada ta raba wanga ɗauri, kun kuwa gan ta." Ya dubi kuben da ke rataye a jikin itacen, ya kawar da kai. "Ku tashi ku tahi. Ku dai riƙa lallaɓa ta."

Suka shiga jirgi suka kamo hanyar gida. Bashir ya tambaya ko an dace, Murjanatu ta ce an dace.

Surajo bai bar tanis ba, ita ce ta hana shi bari. Amma ya bar wasan ɗaiɗai, ya koma na bibbiyu, shi da Ticha gefe guda, tsofaffi biyu suna zagin juna a kusa maimakon ta saman raga. Da safe kafin ya fita yakan tsaya a bakin madafa ya ce, "Yau ƙafar na da aiki?" In ta ce akwai unguwa ko kasuwa, jakar ba ta sauka daga ƙusa. In ta ce babu, ya ce to ta nemi wuri ta zauna bayan la'asar. Ba kullum take zama ba. Mai suyar kifi ba ta da lokacin da ya zama nata.

A gasar bara sun kai wasan kusa da na ƙarshe, su da wasu samari biyu daga Shanga. Ana kankankan a turmi na uku, maki ɗaya ya rage a raba gardama. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗosa ƙwallo dab da raga, gefen Surajo. Ba ta da wuya, ko da ƙafarsa mai nawa zai iso. Ya ɗaga dunduniya zai tashi, sai ya tsaya. Ya mayar da ƙafar ƙasa a hankali, ya kafe ta, ya buɗe hannuwa kamar mai riƙe da wani abu. Ƙwallon ta faɗi, ta sake faɗi, ta gangara ta tsaya jikin raga.

Ticha ya jefar da hularsa. "Makaniki! Taka ce! Ko jikata sai ta kai wannan! Me kake jira?"

Surajo bai juyo ba. Zufa na ɗiga daga gemunsa, idonsa na kan siminti, ƙafar dama ko rawa ba ta yi.

"Yi shiru, Ticha," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tana sauke mai daga wuta."